Tambaya da Amsa: Jona Kwamfuta da Intanet ɗin Waya

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowa a kan abu guda suka taru, wato yadda ake mai da wayar hannu modem don laftof ta hau intanet. Mun zaɓi takwas, mun rage tsawon wasu. Sunayen wuraren dannawa mun bar su yadda suke fitowa a fuskar waya da kwamfuta, tunda haka za ku gan su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu laftof don karatu, amma ba mu da intanet na gida. An ce min wayata ma ta isa. Yaya ake yi, kuma wace hanya ta fi kyau? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa miki, ba sai kin sayi wata na'ura ba. A cikin kowace wayar zamani akwai modem, shi ne ke magana da ƙarfen sabis. Idan kin kunna rabon intanet, wayar za ta ba kwamfutar adireshi, ta karɓi duk abin da ta nema, ta miƙa wa kamfanin layi, amsa ta dawo ta mayar mata. Android na da wannan tun siga ta 2.2 da ta fito a 2010. iPhone ta fara da kebul da Bluetooth a 2009, ta ƙara da Wi-Fi a 2011. Da wuya a samu waya mai Android ko iPhone a hannun mutane yau da ba ta iyawa.

Hanyoyin uku ne. Ta farko Wi-Fi, wadda ake kira hosfot. Ki fara kunna data ki tabbatar shafi na buɗewa a wayar kanta. Daga nan ki shiga Settings, sai Network & internet, sai Hotspot & tethering, ki kunna Wi-Fi hotspot. A Samsung yana ƙarƙashin Connections, da sunan Mobile Hotspot and Tethering. A iPhone kuwa Settings ne, sai Personal Hotspot, ki kunna Allow Others to Join. Kafin ki fita daga wurin ki sauya kalmar sirri, ba ta yin ƙasa da harafi 8. A kwamfutar ki danna alamar Wi-Fi, ki nemi sunan wayarki, ki rubuta kalmar. Mai iPhone ta tsaya a kan shafin Personal Hotspot har sai an haɗu, don idan ta fita wayar kan daina nuna kanta.

Ta biyu kebul. Ki jona waya da kwamfuta da kebul na USB, ki koma wancan shafin, za ki ga USB tethering ya farka, sai ki kunna. Babu kalmar sirri, babu neman suna. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan kwamfutar za ta nuna kamar an sa mata kebul ɗin intanet na ofis.

Ta uku Bluetooth. Sai an fara haɗa na'urorin biyu sun san juna, a kunna Bluetooth tethering, sannan a zaɓi wayar a kwamfuta a matsayin mashiga. Gudunsa bai cika wuce megabit 1 zuwa 2 a daƙiƙa ba, ko da 5G ce a wayar. Ya isa imel da saƙon rubutu, bidiyo kuwa sai haƙuri. Amfaninsa guda, ba ya cin batir sosai.

Idan ke kaɗai ce kuma a kan tebur za ki zauna, kebul muke ba ki shawara, ba tare da wani kokwanto ba. Ba ya yankewa, babu wanda zai hau miki data, kuma wayar na shan caji maimakon ta riƙa zubar da shi. Wi-Fi na ranar da kuka yi yawa ne, ko ranar da dole wayar ta zauna nesa da ke inda sabis yake. Kafin ki jona ko ta wace hanya, ki karanta amsar da ke biye, don a nan ne sababbi ke kuka.

Tambaya: Na sayi gigabait 5, wadda a waya takan kai ni kusan mako biyu. Na jona laftof da safe, ban yi komai ba sai rubutu da ɗan kallon bidiyo, kafin la'asar aka ce datar ta ƙare. Kamfanin layi ne ke cuta ta ko kuwa? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, ruwa ba ya tsami banza, amma a wannan karon ɓarawon a gida yake. Waya ta san datar layi a kan awo take, shi ya sa take jinkirta manyan ayyuka sai ta samu Wi-Fi. Ita kuwa kwamfuta, da zarar ta ga Wi-Fi ko kebul, sau da yawa ɗauka take intanet ne mara iyaka. Duk aikin da ta tara tun ranar ƙarshe da ta hau intanet, a lokacin za ta fara: sabuntawar Windows, ta manhajar kashe bairos, ta burauza, ga OneDrive ko Google Drive ko Dropbox na ɗora hotuna da takardu. Babbar sabuntawar Windows ita kaɗai na iya cin gigabait da dama. Duk wannan a ɓoye ake yi, kai kana can kana rubutunka.

Ɗan lissafi zai nuna maka yadda abin ke sauri. Gudun intanet da megabit ake auna shi, data kuwa da megabait ake sayarwa, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa yana zuba megabait 1.25 a kowace daƙiƙa, wato 75 a minti, gigabait 4.5 a awa. Ka ga idan kwamfutar ta buɗe famfo gaba ɗaya, awa guda da 'yan mintuna sun isa su share gigabait 5 ɗin nan.

Bidiyon da ka kira ɗan kallo shi ma ba ƙarami ba ne. A ƙaramin allon waya YouTube kan wadatu da ƙaramin ingancin hoto, 360p ko 480p, a babban allo kuwa yakan haye 720p ko 1080p da kansa idan ya ga layi na gudu. Gudun da YouTube ke nema don 480p shi ne megabit 1.1, kusan rabin gigabait ke nan a awa. 720p na neman 2.5, ya ɗan haura gigabait 1. 1080p na neman 5, wato gigabait 2.25 a awa. Darasi ɗaya, malami ɗaya, murya ɗaya, amma kuɗin ya ninka fiye da sau huɗu. Ka danna alamar saiti da ke ƙasan bidiyon ka mayar da shi 480p. Rubutun allo na karantuwa a haka.

Babban maganin shi ne ka gaya wa kwamfutar cewa layin nan a kan awo yake. A Windows 10 da 11 ka shiga Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, ka danna sunan hosfot ɗinka, ka kunna Metered connection. Da wannan Windows zai dakatar da yawancin sabuntawa, OneDrive ma ya tsaya. Mun ce yawanci, don akwai 'yan gyare-gyaren tsaro da yake ɗauka na dole ne. Ga inda mutane ke tuntuɓe: idan da kebul ka jona, Windows ba ya lissafa shi cikin Wi-Fi, a ƙarƙashin Ethernet yake sa shi, kuma nasa makunnin daban ne. Ka kunna a can ma. Wanda ya saita Wi-Fi kaɗai ya koma kebul, an gudu ba a tsira ba. Masu sababbin Mac su nemi Low Data Mode a bayanan hosfot ɗin. Google Drive da Dropbox da Steam, manhajar wasanni, ka dakatar da su da hannunka, kada ka dogara da saitin Windows a kansu.

Sannan ka kama ɓarawon da hujja. A Windows 11, cikin Advanced network settings akwai Data usage, yana jero manhajojin da suka sha data cikin kwana 30 da adadin da kowace ta sha. Idan ka ga System, wato Windows kansa, a sama da gigabait uku ko huɗu, ka wanke kamfanin layi. A wannan shafin ne kuma za ka iya sa iyaka da Enter limit, ya riƙa yi maka gargaɗi kafin ka kai. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: gwajin gudun intanet shi ma data yake ci, megabait gommai a 4G mai kyau, ɗaruruwa a 5G. Sau ɗaya ya isa.

Tambaya: Na jona kebul, wayar na caji, amma USB tethering ya yi dishi-dishi ba ya dannuwa. Na sake kunna waya da kwamfuta, shiru. Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da kebul ɗin. Kebul na USB na yau da kullum siraran wayoyin ƙarfe huɗu ne a cikinsa: biyu na wuta, biyu na ɗaukar bayanai. Akwai kebul masu arha, da waɗanda ke zuwa tare da fitila ko abin jin sauti ko bankin caji, da aka yi su da na wutar kaɗai. A ido ba su da bambanci. Suna caji lafiya lau, amma kwamfuta ba ta san an jona komai ba, ita ma wayar ba ta san da kwamfuta ba, shi ya sa makunnin bai farka ba. Gwajin mai sauƙi ne: idan ka jona, ka ja labulen sanarwa daga saman waya. In ka ga zaɓin tura fayil, kebul na da lafiya. In caji kawai ka gani, nemi wani, zai fi kyau wanda ya zo da wayar.

Idan kebul ya tsallake, duba ramin cajin wayar. Ƙura da zaren aljihu na taruwa a ciki har su hana kan kebul zama daidai. Kashe wayar, ka sa siririn tsinken itace ko na roba ka fito da su a hankali. Ban da allura, ban da duk wani ƙarfe. Ka gwada wani ramin USB na kwamfutar, kai tsaye, ba ta cikin mahaɗa mai ramuka da yawa ba. Ka duba Data Saver a wayar ma, don Android ba ya yarda a raba intanet idan yana kunne.

Akwai kuma inda makunnin ke dannuwa amma kwamfuta ba ta ga komai ba. Wannan matsalar direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke fassara tsakanin na'urori biyu. Yawancin wayoyin Android da wata hanya ta Microsoft mai suna RNDIS suke magana. Buɗe Device Manager a kwamfutar, ka nemi abin da aka sa wa alamar rawaya. Danna shi da maɓallin dama, Update driver, ka zaɓi ka nemo da kanka, Network adapters, Microsoft, sai Remote NDIS Compatible Device. iPhone a Windows kuwa sai an sa Apple Devices ko iTunes, a nan direbanta yake, kuma sai an danna Trust a fuskar wayar. Za ka ce da wane intanet za a sauke shi? Jona ta Wi-Fi na ɗan lokaci, ka sauke, ka dawo kebul. Mac ba ya jin RNDIS sam. Wayoyin da suka koma sabuwar hanyar NCM, kamar Pixel 6 da waɗanda suka fito bayanta, suna aiki da Mac, sauran kuwa Wi-Fi ne mafita.

Tambaya: Laftof ɗina na nuna ta haɗu da hosfot, amma a ƙasa an rubuta babu intanet. A wayar kuma WhatsApp na aiki. Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, haɗuwa da hosfot na nufin kwamfuta ta iso ƙofar waya, ba ya nufin ta fita waje. A bi abin daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kada wankin hula ya kai mu dare.

Kin ce WhatsApp na aiki, to wannan ba hujja ba ce. Buɗe burauza a wayar ki shiga wani shafin labarai. In bai buɗe ba, wataƙila datar da ta rage miki irin wadda aka keɓe wa shafukan sada zumunta ce, ta gama-gari ta ƙare. Kwamfuta ba za ta amfana da irin wannan ba sai kaɗan. Akwai kuma tsare-tsaren data da kamfani ke hana rabawa ko ya sa wa rabon iyaka ta daban. Suna ganewa kuwa. Kowane ƙunshin bayani na ɗauke da wata lamba da ke raguwa da ɗaya duk na'urar da ya ratsa. Android da iPhone da 64 suke farawa, Windows da 128. Ƙunshin da ya iso kamfani da 127 ya tona asirin kansa: daga Windows ya fito, ya bi ta waya. Karanta sharuɗɗan tsarin da kika saya, ko ki kira su ki tambaya.

In shafin ya buɗe a waya, koma kan kwamfuta. Rubuta cmd a wurin bincike na Windows, baƙin allo zai fito, ki rubuta ipconfig ki danna Enter. Nemi layin IPv4 Address. Idan lambar ta fara da 169.254, wayar ba ta ba kwamfutar adireshi ba, ita ce ta ƙirƙiro wa kanta. Kashe hosfot, ki sa kwamfuta ta manta da shi da Forget, ki sake haɗawa. Adireshin da ya dace daga iPhone da 172.20.10 yake farawa, na Android galibi da 192.168 ko 10. Idan kin ga wata lamba da ba ta canzawa ko ina kika jona, mai yiwuwa an taɓa kafa wa kwamfutar adireshi na dindindin a ofis ko makaranta. Mayar da IP assignment zuwa Automatic.

Adireshi ya yi daidai? Rubuta ping 8.8.8.8. In amsa na dawowa amma shafuka ba sa buɗewa, hanya a buɗe take, mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi ne ya kwanta, wato DNS. Rubuta ipconfig /flushdns. In bai yi ba, sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare da hannu a saitin DNS. Ki leƙa Proxy a Settings ki kashe duk abin da aka bari a kunne, ki rufe VPN, wato manhajar da ke ɓoye zirga-zirgar intanet, in akwai. Ki duba kwanan wata da agogon kwamfutar ma. Tsohuwar laftof da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan koma shekarun baya, burauza kuma ta ƙi amincewa da takardun shaidar shafuka.

Idan duk wannan bai yi ba, saura APN, saitin da ke gaya wa waya ƙofar da za ta bi a kamfanin layi. A Access Point Names, danna ɗigo uku, Reset to default. Wasu layukan sai an ƙara kalmar dun a gurbin APN type, bayan waƙafi, ba tare da tazara ba. Network reset shi ne makamin ƙarshe, kuma ki sani zai goge kalmomin sirrin Wi-Fi da kika adana.

Tambaya: Wayata na yin zafi kamar dutsen guga idan na kunna hosfot na daɗe, caji kuma ba ya hawa ko tana jone. Zai lalata ta? Daga wani mai sana'ar zane a kwamfuta.

Amsa: Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa laifi ne. Ayyuka uku wayar ke yi a lokaci guda kuma kowanne na fitar da zafi: rediyon da ke magana da ƙarfen sabis, rediyon Wi-Fi, da cajin batir. In sabis ya yi rauni abin ya fi muni, don wayar ƙara ƙarfin aikawa take yi, kamar mai ɗaga murya ga na nesa. Batirin lithium kuwa ba abin da ke tsofar da shi kamar zafi alhali yana cike taf. Apple ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da ke tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Wayar da ta wuce gona da iri takan rage gudu, ta dakatar da caji, wani lokaci ta kashe hosfot ɗin da kanta.

Batun cajin da ba ya hawa, tsohon ramin USB 2.0 na kwamfuta wat 2.5 kawai yake bayarwa, USB 3.0 kuma 4.5. Wayar da ke aiki tuƙuru da allo a kunne na iya cin kusan haka, sai a tashi canjaras. Ramin USB-C ya fi ba da wuta.

Cire mata riga. Ɗora ta a kan tebur ko tayil, ba kan katifa ko matashi ba, ba cikin rana ba, ba kuma kusa da inda laftof ke fitar da iska mai zafi ba. Kashe allon. Koma kebul, rediyo ɗaya ya huta ke nan. In aikinka ba ya bukatar 5G, mayar da ita 4G. Wayoyi da yawa yanzu na da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85 cikin ɗari, a Samsung da iPhone 15 zuwa sama duk akwai, ka kunna shi. Kada ka sa ta a firji, raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin illa. Ranar da ka ga bayan wayar ya ɗago ko allon ya fara rabuwa da jiki, batir ya kumbura, a daina caji nan take a kai a canza shi.

Tunda sana'a kake yi, awa bakwai ko takwas kullum, gaskiyar magana ba aikin wayar aljihunka ba ne. Sayi ƙaramar na'urar MiFi ko rauta mai cin layi, waɗanda raba intanet ne aikinsu, ko ka ware tsohuwar waya don wannan aiki kaɗai.

Tambaya: Sandunan sabis a cike suke amma intanet a laftof na tafiyar hawainiya. Kuma da an kira ni sai komai ya tsaya. Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: Sandunan nan kada ka ba su gaskiya ɗari bisa ɗari, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Ainihin lambar na cikin Settings, About phone, SIM status, an rubuta ta da dBm da alamar ragi a gaba. A iPhone ka buga *3001#12345#* kamar za ka yi kira. A 4G, -80 sabis ne mai kyau ƙwarai, -100 na lallaɓawa, daga -110 zuwa ƙasa wahala ce. Bambancin 10 a wannan ma'auni ninki goma ne na ƙarfi. Zaga ɗakin da wayar a hannu kana kallon lambar, kana ɗan tsayawa a kowane wuri don ba nan take take canzawa ba. Sau da yawa bakin taga ya fi tsakiyar ɗaki nesa ba kusa ba. Bar wayar a can, ka jona ta Wi-Fi, ko da kebul mai tsawo. USB 2.0 na kaiwa mita 5.

In lambar na da kyau amma gudun babu, musamman da daddare, cunkoso ne. Ƙarfen sabis ɗaya jama'a da yawa ke rabawa, ba abin da za ka taɓa a waya ya gyara wannan. Manyan abubuwa a sauke su da sassafe, ko a gwada wani layin.

Idan wayar na gudu amma kwamfuta ba ta yi, to tsakaninsu ne. Hosfot na da zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farko ya fi nisa da ratsa bango, amma cike yake da hayaniyar Wi-Fi ɗin maƙwabta da Bluetooth. Na biyu ya fi gudu da tsabta, sai dai ba ya nisa. Kuna ɗaki ɗaya, zaɓi 5 GHz a AP band cikin saitin hosfot. Wannan ba shi ne 5G na kamfanin layi ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Tsofaffin laftof da yawa 2.4 kaɗai suke gani, shi ya sa wasu ke cewa hosfot ɗinsu ya ɓace. Mai iPhone 12 zuwa sama ya kunna Maximize Compatibility, shi ke mayar da ita 2.4.

Kira kuwa, wayar da ba a kunna mata VoLTE ba, wato saitin yin kira a kan 4G, sauka take yi daga 4G zuwa 3G ko 2G don ta amsa. A 3G intanet na ci gaba a hankali, a 2G galibi tsayawa yake cak har a gama magana. Kunna VoLTE a saitin layin in kamfaninka na bayarwa. Mai layi biyu kuma, kiran da ya shigo ta layin da ba shi ke ba da data ba kan yanke intanet a yawancin wayoyi, don layukan karɓa-karɓa suke yi da rediyo ɗaya.

Tambaya: Ina zargin wani na hawa hosfot ɗina. Sannan VPN ɗin da ke wayata na kare laftof ɗin? Daga wata uwar gida.

Amsa: Shafin hosfot na nuna na'urorin da ke jone, a yawancin Android har da sunayensu da damar toshewa. A iPhone adadi kawai za ki gani. In kin ga baƙo, sauya kalmar sirri, kowa zai faɗi. Sa harafi 12 ko fiye, ban da lambar waya, ban da 12345678. A Security zaɓi WPA2 ko WPA3, kada ki bar shi a None. Tsohuwar laftof na iya ƙin WPA3, sai ki koma WPA2. In wayarki na da wurin ƙayyade yawan masu hawa, sa 1. Kunna saitin da ke kashe hosfot idan babu kowa a kai.

VPN ɗin waya kuwa a'a. A Android da iPhone yadda suke zuwa, zirga-zirgar wayar kaɗai yake rufewa, ta kwamfutar na wucewa ta gefe. Sai kin sa shi a laftof ɗin ita ma.

Tambaya: Wi-Fi ɗin laftof ɗina ya mutu, ga rauta a gida. Waya za ta iya ɗauko min? Daga wani dattijo mai ritaya.

Amsa: Baba, in Android ce za ta iya. Haɗa wayar da Wi-Fi ɗin gidan, a kashe datar layi don kada ta koma kanta a ɓoye idan rauta ta ɗauke, a jona kebul, a kunna USB tethering. Wayar ta zama eriyar kwamfutar ke nan. iPhone ba ta yin wannan, datar layi kaɗai take rabawa. Kafin a yanke hukuncin ya mutu, a duba ko an danne maɓallin jirgin sama a jerin F1 zuwa F12, ko wani ɗan makunni a gefen laftof ɗin. In da gaske ya mutu, akwai 'yar na'urar Wi-Fi ta USB da ba ta wuce kan yatsa ba, a soka ta a rami a bar ta a nan.